Kamargi: hanyar keke tsakanin teku da fadama

Yau mu leƙa Kamargi, kudancin Faransa, inda kogin Ron ke faɗawa teku. Wajen 1859 aka gina doguwar ganuwa don tare ruwan gishiri. Bisa ganuwar nan hanyar tsakuwa take, kimanin kilomita 12 daga garin Sent-Mari zuwa hasumiyar fitila ta Gashol. An hana mota, sai keke da ƙafa. Dama teku, hagu fadama cike da tsuntsaye. Inda rairayi ya rufe hanya, sai ka sauka ka tura. Ga iska, ga sauro, kuma riƙe gorarka, don ruwan duk gishiri ne. Mutanen wurin suna kula da ganuwarsu, don in ta fashe, makiyaya da gonakin shinkafa na cikin hatsari.