Ana Jiran Kakar Ingila, Mu Muna Jiran Ɗan Kebbe

A watan Agusta kaka biyu ake jira a ƙasarmu ta kudancin Sakkwato. Manomi yana duban geronsa da ya fara fitar da kai, yana lissafin kwanakin da suka rage masa ya ci tumu. Matashi kuwa idonsa na kan allon da aka jingine a ƙofar gidan kallo, inda za a rubuta wasannin makon farko na gasar Firimiyar Ingila. Daga tashar Tambuwal zuwa Dogon Daji, daga Jabo zuwa Kebbe, da wuya ka wuce majalisar da ba a musu kan ɗan wasan da Arsenal ta saya ko wanda Manchester United ta sallama. Musu ne mai zafi a kan mutanen da ba mu taɓa gani ido da ido ba, waɗanda su ma ba su san da wani gari Tambuwal a doron ƙasa ba.

Ban raina wannan nishaɗi ba, domin ni ma ina kallo. Sai dai na san wani jiran da ya fi wannan daɗi da tsinka zuciya, wato jiran yaron da ka san mahaifinsa, ka san gonarsu.

A tsakiyar shekarun 1990, lokacin da muke makarantar kwana, muna da irin wannan yaro. Daga wani ƙauye ta wajen Kebbe ya fito, siriri ne, bahago a ƙafa, kuma ba ya yarda da takalmi sai malamin wasanni ya tsare shi. Duk dogon hutu zancenmu ɗaya ne: zai dawo, ko mahaifinsa zai riƙe shi saboda aikin gona? Idan aka koma makaranta, mu ne masu sassabe filin da lauje, mu zuba toka a kan layi, mu kafa turakun raga da itacen dogon yaro, alhali mafi yawanmu ba mu da rabon taɓa ƙwallon. Shi muke yi wa shara. A hutun 1996 ne Nijeriya ta doke Brazil da ci 4 da 3 a wasannin Olamfik na Atlanta, sannan ta doke Ajantina 3 da 2 ranar 3 ga Agusta ta ɗauki zinare. Da muka dawo, kowane yaro ya zama Kanu ko Amokachi a bakinsa, amma sunan Tijjani Babangida shi kaɗai aka bar wa, saboda gudu. Na ga ranar da ya yanke mutum huɗu ya wuce mai tsaron gida, ya tsaya a bakin raga kamar mai jiran izini, kafin ya tura ta ciki da dunduniya. A yau fataucin albasa yake yi, yana cikin rufin asiri. Amma ban yi zaton wani mai horar da 'yan wasa daga wajen ƙananan hukumomi uku ya taɓa ganin ƙafar nan tasa ba.

Abin da ya tayar mini da wannan tsohon zance shi ne wani ɗalibina, shi ma ɗan Kebbe, da zai shiga ajin ƙarshe idan an koma. Shi ke sa riga mai lamba 10 a ƙungiyar tsangayarmu. Ba mai yawan gudu ba ne, ba ya kuma yanka don a tafa masa. Baiwarsa ita ce duba: kafin ƙwallo ta iso ƙafarsa ya riga ya san inda za ta tafi, sai ka ga ya zare ta tsakanin masu tsaron baya biyu kamar zare a kafar allura. A aji shiru-shiru ne, makinsa matsakaici, rubutunsa tsaf. Tun kafin a tafi hutu ɗalibai ke lissafin gasar tsangayoyi da za a yi idan an dawo, har masu gadi da masu shayin bakin ƙofa suna tambaya ko ya warke daga targaɗen da ya samu.

Mai karatu zai ce wannan ai ƙaramin al'amari ne. A wurinmu haka yake, amma ba ko'ina ba. A Amurka, ƙwallon jami'o'i (nasu na hannu da karo, ba irin namu ba) ya faro tun 1869, da wasan Rutgers da Princeton, kuma filin Jami'ar Michigan kaɗai yana ɗaukar mutum fiye da 100,000. A ƙarshen Agustan kowace shekara suke buɗe kaka, ba fashi, har ɗan kallo ya san ranar wasa tun watanni kafin ta zo. Ba girman filayensu ne ya tsone mini ido ba, tsayayyen lokacinsu ne. Mu ma muna da wasannin jami'o'i na NUGA tun 1966, amma taro ne na 'yan kwanaki, ba kaka ba ce. An kuma fara gasar HiFL ta manyan makarantu a 2018, yunƙuri ne mai kyau, sai dai jadawalin wasa ba ya tsayuwa inda jadawalin karatu ke tangal-tangal.

A nan ne lissafin ɗalibin nawa ya tsaya mini a rai. Yajin aikin malaman jami'a na 2022 kaɗai ya ci wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Ga mai neman digiri, jinkiri ne da haƙuri ke maganinsa. Ga ɗan ƙwallo kuwa, asara ce da ba ta da ranko, domin ƙafa ba ta jiran takarda. Ahmed Musa bai cika shekara 18 ba ya ci wa Kano Pillars ƙwallo 18 a kakar 2009/2010, daga nan ya wuce Holan. Shehu Abdullahi, haifaffen Sakkwato, ta Pillars ɗin ya bi har ya samu tagulla a Olamfik na Rio a 2016, ya kuma buga Gasar Kofin Duniya a Rasha a 2018. Babu ɗayansu da ƙwallon jami'a ya fito da shi. Ɗalibina yana da shekara 24, kuma wannan kakar ce ta ƙarshe da zai sa rigar makaranta.

Da can ba a tilasta wa yaro zaɓi tsakanin aji da fili haka ba. Cikin waɗanda suka ɗauki Kofin Afirka a Legas a 1980 akwai Segun Odegbami, wanda ya karanta injiniyanci a Kwalejin Fasaha ta Ibadan, da Adokiye Amiesimaka, wanda ya yi karatun lauya a Jami'ar Legas yana buga wa ƙasa, daga baya har ya zama Antoni Janar na Jihar Ribas. Su na kawo wa mahaifin yaron misali ranar da ya same ni a gida a Tambuwal, bayan sallar Juma'a. Dattijo ne mai natsuwa. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Malam, na ji. Amma mu karatu munka turo yaron ga ya yi, ba tamola ba. Buhu shida na gero na saida bara don kuɗin makarantarshi. In ya karye, wa za ya biya ni?"

Ban ga ta inda zan ƙaryata shi ba. Shi ya san abin da buhu shida ke nufi a gida mai baki goma sha, kuma babu inshorar da ke bayan ƙafar ɗansa. Ban yi masa alkawarin Turai ba, domin ba ni da ita a aljihu. Abin da muka tsayar shi ne, yaron zai buga, da sharaɗin babi uku na kundin bincikensa su iso hannuna kafin a busa usur ɗin farko. Ni kuma na ɗauki nauyin gayyato wani tsohon ɗan wasa da ke horar da matasa a cikin birni, ya zo ya zauna a gefen fili ya gani da idonsa. Iyakar ƙarfin malami ke nan.

Yanzu yana Kebbe. Da safe gona, da la'asar atisaye a filin firamare da aka shuke rabinsa da wake. An gaya mini samarin unguwarsu sun fara karo-karon kuɗin motar da za ta kai su Sakkwato ranar wasan farko, su juyo kafin duhu saboda halin da hanya ke ciki. Shekaranjiya ya turo mini babi na biyu ta waya, da ɗan saƙo a ƙasa cewa ƙaya ta fasa ƙwallonsu, kwana huɗu ke nan gudu kawai suke yi. Na gyara babin na mayar masa. Ƙwallon kuma na ba direban motar Kebbe ya kai masa.