Masu Kala a Gonar Alkama

Wani ɗan hoto a jikin kalanda ne ya tsayar da ni: mata uku sun duƙa a gona, suna kalar alkamar da masu girbi suka zubar. Zanen Jean-François Millet ne, mutumin Faransa, na shekarar 1857. Can bayansu an tara amfanin gona tsibi-tsibi, ga wakilin mai gona bisa doki yana duba ma'aikata, su kuwa abin da suka tsinta bai cika hannu ba. Da aka fara nuna shi a Faris, masu hannu da shuni sun ƙyamace shi, domin boren da aka yi a ƙasar a 1848 bai bar zukatansu ba, kuma ba su saba ganin an ba talaka irin girman da ake ba sarakuna a zane ba. Yau yana gidan tarihi na Orsay, jama'a na tururuwar kallonsa, girbi kuma ya koma hannun injuna. Nakan yi tunanin yadda zamani ke saurin sauya sutura da kayan aiki, amma tazarar da ke tsakanin mai rumbu da mai kala takan daɗe ba ta gushe ba, a Turai ko a karkararmu.