Jirgin da Bai Taɓa Zuwa Gummi Ba

Ranar da na fara ganin jirgin ƙasa, sai da na kwana a hanya kafin in gan shi. A 1981 ne, bayan an cire auduga, ina ɗan shekara goma sha ɗaya, Kawu ya ce in raka shi Zariya gaida wani malaminsa. Daga Gummi muka hau babbar mota mai bodin katako, muka zauna kan dilolin kaya, ƙafafunmu na lilo. Muka bi ta Daki Takwas, aka tsaya ɗibar mutanen Bukkuyum da suka fito bakin hanya tun asuba da buhunan gero da kaji a kwando, muka isa Anka rana ta take. A nan mota ta ƙi tashi. Yaron mota ya shige ƙarƙashinta har la'asar sakaliya, mu kuwa muka ci tuwo a wata rumfa, muka yi sallah, muka jira. Sai tsakar dare muka shiga Gusau, muka shimfiɗa tabarma a barandar tasha tare da wasu matafiya.

Ƙahon jirgin ne ya tashe ni. Na zabura na kama rigar Kawu. Ya yi dariya har da tafa hannu, ya ce, "Ɗana, wanga ai ɗan lelen jirgi na. Da ka ga na gawayi, da ka sheƙa Gummi da ƙafa."

Ƙasarmu ta yammacin Zamfara ba ta taɓa ganin layin dogo ba. Turawa sun ja reshe daga Zariya ya bi ta Funtua da Tsafe da Gusau, ya tuƙe a Ƙauran Namoda a 1929, tafiyar da ta haura kilomita 200. Daga nan ƙarfen bai ƙara taku ɗaya ba. Sakkwato kanta, da girmanta da sarautarta, har yau jira take yi. Amma duk da haka mutanen Anka da Bukkuyum da Gummi suna da hannu a cikin jirgin nan dumu-dumu, domin gyaɗarsu da audugarsu da fatunsu ne ke cika taragunsa. Manomi ya kai audugarsa fuloti, a ɗora a sikeli, a biya shi, mota ta kwashe zuwa gidan gurza a Gusau, daga nan sai jirgi, sai bakin teku. Dalilin shimfiɗa layin ke nan tun farko. Fasinja kamar mu, raɓe muka yi a jikin kaya.

Wannan ban gane shi ba a ranar. Abin da na gane shi ne kujerar katako, da taga wadda ake ɗagawa da hannu biyu, da wata tsohuwa da ta kwance ƙullin zanenta ta ba ni ƙuli-ƙuli ba tare da ta tambayi ɗan wa ne ni ba. A Tsafe 'yan talla suka yi wa tagogi caa da dafaffen ƙwai da rake da fura a ƙwarya. A Funtua aka daɗe, ana cire wasu taragu ana haɗa wasu, jirgi ya yi gaba ya yi baya, ni kuwa duk na ɗauka direban ne ya ɓata hanya. Mai duba tikiti ya zo da ɗan ƙarfensa ya huda mana kwalin, na riƙe nawa gam kamar laya. Kawu ya duba agogonsa sau uku yana gyaɗa kai. Lokacin Indiyawa ne, wato shekarun 1979 zuwa 1982 da gwamnati ta ɗauko ƙwararrun reluwe daga Indiya su gudanar da hukumar jiragen ƙasa, kuma tsofaffin matafiya har gobe suna cewa a 'yan shekarun nan jirgi ya san lokaci.

Tsakanin Funtua da Zariya ne Kawu ya ba ni labarin jirgin gawayi. Kwal ɗin daga Inugu ake kawo shi, inda aka fara haƙarsa tun zamanin yaƙin duniya na ɗaya. Mutum guda aikinsa ke nan, ya yi ta zuba shi da shebur cikin wuta, ruwa ya tafasa, tururi ya tura ƙafafun. A manyan tashoshi akwai tankin ruwa a sama, jirgi ya tsaya ya sha kamar raƙumi. Wanda ya sa farar riga ya zauna kusa da taga, in ji Kawu, zai sauka kamar ya kwana a maƙera. Daga baya aka kawo kan jirgi mai shan gas, abin da 'yan boko ke kira dizal, aka ce an huta da hayaƙi, an huta da jiran kwal daga Inugu, jirgi zai ƙara sauri. Ya kuwa ƙara. Sai dai a zamanin wannan sabon man ne jirgin ya fara mutuwa.

Na tambayi Kawu me ya sa tikitin jirgi ya fi kuɗin mota sauƙi nesa ba kusa ba, alhali jirgi ya fi mota girma. Ya nuna bayanmu da haɓa, wajen taragun kaya. Ya ce, "Waɗancan ka biya muna."

Na yi shekaru kafin in san cewa amsar nan tasa ita ce dukan ilmin kuɗin reluwe. Jirgin fasinja ba kasafai yake ciyar da kansa ba, a ko'ina. A Indiya, ƙasar waɗanda suka gyara mana lokaci, ribar dakon kaya ce ke toshe asarar ɗaukar fasinja. A Amurka, kamfanin Amtrak tun kafa shi a 1971 yake karɓar kuɗi daga baitulmali. Faransa da Jamus ma gwamnati na zuba nata. Dole wani ya biya gibin, ko buhu ya biya, ko gwamnati.

Mu namu buhun ne ya fara janyewa. Farin farkon shekarun 1970 ya ci amfanin gona, cutar gyaɗa ta 1975 ta ƙarasa abin da ya rage. Kuɗin man fetur ya shigo, aka karkata ga kwalta, mai ya yi araha, kamfanin Peugeot ya buɗe masana'antar harhaɗa motoci a Kaduna a 1975, manyan motoci suka ƙwace dakon da jirgi ke yi. A 1986 gwamnatin Babangida ta rushe hukumomin sayen amfanin gona, fuloti ya watse. Taragun kaya suka zama wayam, kuma gwamnatin da ya kamata ta gaji buhu wajen biyan gibin ta gwammace ta zuba kuɗin a tallafin fetur. Ni a ganina a nan aka yi zaɓin, ko da ba wanda ya tsaya a majalisa ya furta shi: an zaɓi a biya wa kowa rangwame a bakin famfo maimakon a biya wa kujerar jirgi. Mu ma ba mu yi ƙorafi ba, gaskiya ɗaya ce. Mota tana zuwa har kasuwar Gummi, jirgi kuwa sai ka kwana a baranda. An yi ta gyare-gyaren layin daga baya, amma bai sake zama abin da mutumin Anka zai ɗaura niyyar tafiya a kansa ba.

Sai ga 29 ga Mayun 2023, Shugaba Tinubu ya ce tallafi ya tafi. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta tsallake 1,000. A wajenmu kuwa farashin gidan mai labari ne kawai, don yawancin 'yan kabu-kabun ƙauye wurin 'yan bumburutu suke sha, kwalba-kwalba. Wanda ya ga 2021, lokacin da gwamnatin jiha ta hana sayar da mai a jarka aka kuma rufe layukan waya saboda 'yan bindiga, ya san yadda mai ke zama kamar zinari a ƙasar da zinarin kansa ya kashe mata yara fiye da 400 da gubar dalma a 2010, a Bagega da Dareta da 'Yargalma da maƙwabtansu. Ko a lokacin gubar dalmar, hanya na cikin abubuwan da suka wahalar da masu kai magani.

Maganin da aka kawo wa tsadar fetur shi ne iskar gas da ake matsawa a tukunya, CNG. A juya injin mota, a ɗaura tukunya a but, a sha da araha. Dabara ce mai kyau, ƙasar nan tana da iskar mai ɗimbin yawa. Har an gwada kan jirgi mai haɗa dizal da iskar gas a layin Abuja zuwa Kaduna a 2024. Amma iskar bututu take bi, kuma babban bututun da aka ƙaddamar da aikinsa a 2020, mai tsawon kilomita 614, daga Ajakuta ya taso zuwa Kaduna da Kano. Ka ɗauki taswira ka duba: kusan sawun layin dogon Turawa ya bi. Sabon layin Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 da bashin bankin China, da na Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a 2021 ta Daura da Katsina da Jibiya, su ma duk gabas da mu suke. Ba hassada nake yi ba, mutanen Jibiya 'yan'uwa ne. Ina dai lura cewa bashin da ake gina su da shi, da mu za a biya, kamar yadda audugarmu ta biya wancan.

Akwai ƙofa guda da ta buɗe. Tun Maris na 2023 aka gyara tsarin mulki, jihohi suka sami ikon gina nasu layin dogon. Sai dai jihar da ke fama da albashi da tsaro ba za ta ja ƙarfe daga Gusau zuwa Gummi don fasinja kaɗai ba, kuma bai kamata a ruɗe mu da zanen tasha a allon kamfe ba. In za a yi, sai an fara da tambayar Kawu: wane buhu ne zai biya? Shinkafar fadamun gulbin Zamfara da gulbin Ka tana nan, waken suya da gero da dabbobi suna nan, in manomi ya samu ya koma gonarsa ba tare da ya biya harajin daji ba. Abin da na ga ya shigo ƙauyukanmu da kansa, ba bututu ba bashi, shi ne farantin sola: ga shi kan rumfar mai cajin waya, ga shi yana jan ruwa a lambu. A Maiduguri har sun fara sa shi ya ja motar haya.

A bara na bi hanyar Anka a wata tsohuwar Golf, mu huɗu a baya, biyu a gaba. Direban, yaro ne sa'ar ɗana, bai taɓa shiga jirgin ƙasa ba. Na tambaye shi ko zai juya motarsa ta koma shan gas. Ya dube ni ta madubi ya ce, "Baba, ai wagga fetur taka sha, ba gas ba." Dizal ya ɗauka nake nufi. Da na yi masa bayanin tukunya da arahar, ya yi shiru har muka wuce wani shingen sojoji. Sannan ya ce, "To Baba, in ta ƙare man a Daki Takwas, ina ni ka sha?"