Zaure Biyu a Gida Ɗaya

Tun da muka dawo Madani bayan Janairun 2025, gidaje biyar a layinmu muke karo-karo mu biya intanet ɗaya. Da shi nake karɓar kiran masu cigiya a shirin da nake gabatarwa a rediyo. Yawancinsu daga Gadarif da Mai Wurno suke bugowa, suna neman 'yan'uwan da suka rabu da su lokacin da gari ya watse a Disamban 2023.

Abin da ya sha mini kai shi ne, in na haɗa kira ta manhajar shirin, suna jina, ni ba na jinsu. WhatsApp da Facebook kuwa lafiya lau.

Wani yaro mai gyaran waya ne ya warware mini. Adiresoshin tsohon tsarin intanet, IPv4, kimanin biliyan 4.3 ne kacal, ba su ishi duniya ba. Shi ya sa rauta ke riƙe adireshi ɗaya na waje, ta raba wa na'urorin gida lambobi irin 192.168.1.5 waɗanda ba a san da su a waje ba. Wannan ake kira NAT. Kamar zaure ne: wanda ya aika saƙo daga ciki, in amsa ta zo a miƙa masa ɗaki. Baƙon da ya yi sallama ba a san wurin wa ya zo ba kuwa, sai dai ya juya.

Mu zaure biyu gare mu, babbar rauta a gidan Alhaji maƙwabcina, ƙarama a nawa, kowace tana sauya adireshi. Nan muryar masu kira ke maƙalewa. Yaron ya fara duba adireshinmu na waje. Ya ce da ya faɗa tsakanin 100.64 da 100.127, to kamfani ma yana da nasa zauren, mu ba mu da makullinsa. Allah ya taimake mu ba haka ba ne. Sai ya mai da tawa mai watsa Wi-Fi kawai, ya ce saura a buɗe ƙofa ɗaya a ta Alhaji wadda za ta kai sauti kwamfutata.

Alhaji ba ya ba kowa kalmar sirrin rautarsa, har 'ya'yansa. Da ya ji don cigiya ne, ya ce, "Malam, ai wannan ba abin roƙo ba ne." Ya kuma kafa doka da kansa: ranar shiri, yaran gidajen nan biyar su ajiye kallon bidiyo na awa ɗaya. Har yau ba wanda ya karya ta.