Cinikin Kunne a Kasuwar Yelwa

Masu iya magana kan ce gani ya kori ji. Amma akwai hajar da ido ba ya iya yi wa ƙima sai kunne, watau kayan sauti. Wannan shi ne abin da wani malamin firamare na Wara, cikin ƙasar Ngaski, ya tabbatar a shekarar 1975.

A shekarar nan ne ma'aikatan gwamnati suka karɓi ariyas na ƙarin albashin Udoji. Kuɗi suka yawaita a hannu, 'yan kasuwa kuma suka tsawwala. Malamin ya ƙulle nasa a lalita, ya shiga jirgin ruwa zuwa Yelwan Yawuri, burinsa ya sayo babbar rediyo mai kaset ƙirar National Panasonic, mai lasifika biyu. Kuɗin kuwa ba na wasa ba ne, domin daga cikinsu zai sayi kwanon rufin ɗakin mahaifiyarsa kafin damina.

Da ya isa shagon wani Alhaji, sai mai shago ya ƙure murya har masu wucewa suka tsaya, sa'an nan ya ce, "Malam, ka dai ji da kunnenka. Taya."

Malamin ya ce, "Ranka ya daɗe, ai ba a taya doki yana cikin sukuwa. A rage ƙarar."

Ya zaro kaset ɗin Shata da ya zo da shi, wanda ya san kowane bugun kalangu a cikinsa, ya sa. Da murya ta yi ƙasa, sai ga lasifikar hagu tana kakarewa, aibin da hayaniya ta rufe ɗazu. Bai kushe kayan a gaban jama'a ba, don kada ya kunyata dattijo. Ya dai dubi Alhaji ya ce, "Ko tana da 'yar'uwa a ciki?" Alhaji ya yi murmushi, ya sa yaro ya fito da sabuwa cikin kwali.

Sai a nan ya taya. Alhaji ya ce, "Albarka." Ya ƙara kaɗan, aka sake cewa albarka. Ya yi sallama ya tafi masallaci, zuciyarsa na raya masa cewa wani zai riga shi. Bayan Azahar ya komo, Alhaji ya rage abin da bai taka kara ya karya ba, ya rantse uwar kuɗinsa ke nan.

Malamin bai ja da rantsuwar ba, sai ya nemi gyara. Ko da yake an gama madatsar Kainji tun 1968, wutarta ba ta shiga gidansa ba tukuna, saboda haka ya roƙi wayar haɗawa da batirin mota, da alkawarin musanya in aibi ya bayyana cikin mako guda. Alhaji ya ce, "Na sallama, Allah ya sa albarka."

Abokan aikinsa da suka sami ragi mai tsoka sun yi masa dariya. Kafin kaka, rediyon biyu daga cikinsu na wurin mai gyara, tasa kuwa tana kawo labarun Kaduna, ɗakin tsohuwa kuma ya sha kwano. Ashe ragi iri biyu ne: akwai wanda ake ƙirgawa a shago, akwai wanda sai an kai kaya gida ake ganinsa.