Littafinka Ya Zama Fim, To Ina Rabonka?

Tun daga lokacin da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a Kano a 1990, adabi da fim suke tafiya tare. In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino da Ki Yarda Da Ni na Bilkisu Funtuwa duk daga takarda suka koma kaset. Amma abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, wa ke cin moriyar labarin?

A zamanin kaset, furodusa kan tara kuɗi daga aljihunsa ko na 'yan'uwa ya shirya fim, sannan ya buga kwali ya kai wa 'yan kasuwar Ƙofar Wambai da Bata. Su ke gurza kaset, shi kuwa kuɗin kwali ne nasa. In masu satar fasaha suka riga shi shiga kasuwa, uwar kuɗin ma ba ta dawowa. To wanda bai mai da jarinsa ba, me zai ba marubuci?

Ni kaina wani furodusa ya taɓa neman littafina. Na ce mu rubuta yarjejeniya, sai ya ce, "Haba Malam, ai tsakaninmu amana ce." Na amsa masa cewa rubutu ba ya rage amana, tsare ta yake yi. Daga ranar ban ƙara jin ɗuriyarsa ba.

Yanzu kaset da sidi sun kau. Arewa24 ta zo a 2014, ga kuma YouTube inda fim mai dogon zango ke kawo kuɗin talla shekara da shekaru. Wanda ya karɓi 'yan kuɗi sau ɗaya ya sallama labarinsa, shi ke nan ya zama ɗan kallo.

Dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ta ce sallama haƙƙi ba ya tabbata sai a rubuce, kuma littafi na da kariya har shekara 70 bayan rasuwar marubucinsa. Ashe gadon 'ya'yanmu ne muke bayarwa da fatar baki. Don haka ɗan'uwa, kafin ka ce na yarda, a rubuta: shekara nawa, a wace kafa, kuma kaso nawa ne naka.

Allah Ya sa mu dace, amin.