Kafin Ku Shiga Low Yat

Duk Bahaushen da ya kwana biyu a Kuala Lumpur ya san Low Yat, katafaren ginin nan na Bukit Bintang da aka buɗe a 1999, hawa-hawa maƙil da wayoyi da kwamfutoci. In kun hau monorel kuka sauka a Imbi, ɗan tattaki ne kawai. A nan yawancinmu muke sayen kwamfuta, daga ɗaliban da ke karatu a Gombak da Serdang har mu ma'aikata. A nan kuma kuɗin mutane da yawa suke narkewa, don kowane shago yana da abin da zai ce muku dole ne.

Ringit ɗin da ke hannunku kuwa ba tsinto su kuka yi ba. Ga kuɗin haya, ga na makarantar yara, ga Hajiya can gida tana jiran na cefane. Shi ya sa nake so mu yi wannan maganar tun kafin ku fita daga gida.

Ni ba injiniya ba ce, nas ce. Amma aikina ya koya mini tantancewa. A sashen gaggawa na asibitocin Malesiya ana raba marasa lafiya gida uku: ja, rawaya da kore. Mai yawan ihu ba lallai ne a fara da shi ba, wanda ransa ke cikin haɗari shi ake fara gani. Da haka na haɗa kwamfutar gidanmu, wadda nake kwasa-kwasaina da ita, maigida yana rubutun digirinsa, yara suna aikin makaranta.

A layin ja akwai abu uku. Na farko RAM. Ku ɗauke ta kamar teburin aiki: in ya yi ƙanƙanta, sai kun sauke wannan kafin ku ɗora wancan. Mai buɗe Zoom da Word da shafuka ashirin a Chrome lokaci guda yana buƙatar 16GB. Ku ce a sa muku guda biyu masu 8GB maimakon ɗaya mai 16GB, sun fi sauri idan suna aiki tare. Farashinta ya yi tashin gwauron zabo tun ƙarshen 2025, amma duk da haka kada ku rage a nan.

Na biyu ma'ajiya. Ku sayi SSD, ko da 500GB ce. Tsohon hadis mai juyawa ya fi araha, ya fi ɗaukar kaya, amma shi ne ke sa mutum ya kunna kwamfuta ya je ya dafa shayi ya dawo ba ta gama tashi ba.

Na uku akwatin da ke raba wa kowane sashe wuta, wanda masu haɗawa ke ce wa PSU. Ba ya ƙara sauri, ba a ma ganinsa, shi ya sa a kansa ake yawan yin ƙwange. Amma in ya lalace yana iya tafiya da sauran kayan, kamar zuciya ta tsaya. Ku nemi na sanannen kamfani mai tambarin 80 Plus. Ku kuma haɗa da soket mai kare kaya daga fizgar wuta, kun dai san tsawar garin nan da la'asar.

A layin rawaya akwai furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar. Matsakaiciya ta isa, Ryzen 5 ko Core i5. Abin lura shi ne ta zo da sashen nuna hoto a jikinta, kamar Ryzen 5 5600G. In kun ga harafin F a ƙarshen lambar ta Intel, to ba ta da shi, sai kun sayi katin hoto daban. Babban allon da ake dasa komai a kansa ma, mai sauƙin kuɗi ya isa, muddin ya dace da furosesar da RAM ɗin. DDR4 ba ta shiga ramin DDR5, ku tambaya tun kafin a yanke rasit.

Layin kore shi ne duk abin da ke ƙyalli: katin hoto mai tsada na masu wasan gem, akwatin gilashi, fankoki masu fitilu kala-kala. Yaranku za su ja muku riga a kansu, na sani. Ku ce musu ba girin-girin ba, ta yi mai. In kuɗi sun ragu, gara ku ƙara sikirin na biyu, littafi a ɗaya rubutu a ɗaya. Idanunku da wuyanku za su huta.

In aljihun bai kai sabuwa ba, babu kunya a sayen ta hannu, irin su Dell OptiPlex da ofisoshi ke sallamawa. Sai dai ku duba shekarunta. Microsoft ta daina kula da Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025, Windows 11 kuma tana neman Intel ƙarni na 8 zuwa sama. Wadda ta gaza haka, komai araharta, ku bar musu kayansu.

Ku rubuta abin da kuke so a takarda, ku zaga shago uku ko huɗu da ita, kowa ya faɗi farashinsa. A kunna muku a gabanku, ku ga RAM da SSD ɗin da kuka biya su ne a ciki. Rasit da takardar garanti ku adana su inda kuke ajiye fasfo.

Wani abin daɗi kuma, filogin Malesiya mai baki uku irin na gida Najeriya ne, ƙarfin wutar ma kusan ɗaya. Ranar da zama ya ƙare, sai ku naɗe ta ku tafi da ita Kano ko Katsina, ƙanne su ɗora daga inda kuka tsaya. Can dai sai an haɗa mata da UPS, kun san halin NEPA. Allah Ya sa a mora.